Hannun Cin Tuwo

Kowane malami da dabararsa, ita kuwa Malama Aina'u tata dabarar hannun cin tuwo ce. Da an kaɗa ƙararrawa ta tara 'yan aji ɗaya a gindin darbejiyar da ke bayan ofis, sai ta tafa ta ce, "Ku ɗaga hannun cin tuwo!" Nan take hannuwan dama su miƙe sama, wani da guntun rogo a ciki, wani da ɗankwalin yayarsa. Ba a kwalejin Bici ta koyo wannan ba. Ita ta ƙirƙiro kayanta tun farkon zuwanta firamaren Unguwar Gawo, da ta ga in ta ce dama ko hagu yaran sai su tsaya suna kallon juna. Amma wane yaro ne bai san hannun da yake kai loma da shi ba? Har hedimasta, Malam Abdulkabir, ya yaba mata a gaban sauran malamai, ita ma abin ya yi mata daɗi, ba ta ɓoye ba.

Daga nan sai rubutu a iska. Takan juya musu baya ta ɗaga nata hannun, ta ja sanda a tsaye, ta ja sanda a kwance, ta zagaya ƙwai, ta lanƙwasa ƙugiya, su kuma suna bi suna faɗa da ƙarfi kamar masu kiran wani a gona. In kafaɗu sun gaji sai a durƙusa a yashi, kowa ya share gabansa da tafin hannu ya sa yatsa. Sai yatsa ya saba sannan take raba ƙananan alluna baƙaƙe da alli. Su ma allunan ba sa isa, don yara sun haura tamanin, sai wani ya gama ya goge ya miƙa wa na kusa da shi. Fensir shi ne na ƙarshe. Ba ta yarda a ba yaro fensir da wuri, don ta san yadda ake samunsa a garin nan: uba ya sayo guda a kasuwar Bagwai, ya sa wuƙa ya raba wa 'ya'yansa biyu, a rataya wa kowa nasa da zare a wuya.

Da wannan tsari, kafin ruwan farko ya sauka yawancin ajin sun iya rubuta sunansu. Wasu dai sai ka ƙura ido ka yi da gaske kafin ka gane, amma suna ne. Banda Hadi.

Allah sarki Hadi! Yaro siriri mai manyan idanu, ba ya fashi, ba ya faɗa, ba ya tsokanar kowa. In ta nuna baƙi a babban allo shi ne zai riga kowa faɗar sunansa. Amma a ba shi alli ka ga ikon Allah. Sai ya damƙe shi kamar mai riƙe taɓarya, ya fito da harshe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sandarsa ba ta tsayawa, ƙwansa ba ya haɗe baki, ƙugiya kuwa kada ma a yi maganarta. Sau tari Malama Aina'u takan durƙusa a bayansa ta kama hannunsa cikin nata su ja tare, sai ta ji hannun ƙam kamar busasshen kara. Da ta saki sai allin ya karye.

Wata safiya bayan an yi noman farko, sai ga ubansa, Sabo, da fartanya a kafaɗa. Ya gaida hedimasta, ya gaida Malama, ya ƙi kujerar da aka ba shi don wandonsa duk laka.

"Malama, ba faɗa ya kawo ni ba, Allah ya sani," in ji shi. "Damina ta kama, an ɗaure awaki a turke, kowacce sai an kawo mata ciyawa har bakinta. Ni ina gona, yayansa yana Bici yana koyon gyaran babur. To ga 'yar maƙwabcina da suka shiga aji tare, ta cika mana bango da rubutun gawayi, har sunan ubanta. Ni nawa ko sanda."

"Ka ƙara haƙuri, Malam Sabo," in ji ta. "Yaron yana da ƙwaƙwalwa, wallahi yana da ita."

"Ban ce ba shi da ita ba. Wajen allo kakansa yana yabonsa. Wataƙila dai boko ba rabonsa ba ne. Zan bari a yi jarrabawar ƙarshen shekara. In ya rubuta, ya wuce aji biyu, Alhamdulillahi. In bai rubuta ba, ba zan bar shi ya maimaita aji da ƙannen bayansa ana yi masa dariya ba. Sai ya riƙe allonsa da lauje."

Kada kowa ya ga laifin Sabo. Mutumin da ke da 'yar gona ɗaya da awaki, kowane hannu a gidansa yana da aikin da ke jiransa. Amma Malama Aina'u ta san abin da ba ta faɗa ba: a Unguwar Gawo yaron da aka cire saboda ciyawar damina ba ya dawowa. Ta ga wasu, ga su can sun yi tsawo suna wucewa ta bakin makaranta da dami a ka, suna kau da kai. Ta tsani ta ga Hadi a cikinsu, har cikin ranta ta tsani haka.

Sai ta zage damtse. Lokacin tara, sauran yara suna can suna wawason awara da ɗanwake a bakin katanga, ita tana zaune da Hadi. Ta tuna abin da aka koya musu na sa yatsun yaro su yi laushi, ta kawo yumɓu ta sa shi murzawa, ta zuba wake cikin tsakuwa ta sa shi tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Kullum kafin su fara sai ta ce, "To Hadi, ina hannun cin tuwo?" Shi kuma ya miƙo damansa ba musu. Sati ya bi sati, gero ya kai gwiwa, ya wuce ƙugu, rubutu shiru.

Ranar da abin ya fito fili ruwa aka yi tun safe. Da aka tashi makaranta hanya ta caɓe, mai acaɓar da ke mayar da ita gida Bagwai ya aiko cewa ba zai iya shigowa ba, sai dai ta same shi a bakin titi. Ta naɗe bakin zaninta ta bi 'yar turbar da ta ratsa gonaki. Tana zuwa wajen tsohuwar rijiya, inda ruwa yakan tara yashi mai laushi, sai ta ga yaro a tsugune ya ba ta baya, ga ɗan damin ciyawa a gefensa. Ta gane rigar. Har ta buɗe baki za ta kira shi sai idonta ya sauka a ƙasa.

Akuya ce a zane a kan yashi, da ƙahonta da gemunta da igiyar da ta tafi har turke. A ƙarƙashinta kuma ga baƙaƙe a jere, tun daga na farko, ga ƙwai sun haɗe baki sumul, ga sanduna a tsaye cak, ga ƙugiyoyi. Duk abin da ta kwashe shekara tana koyarwa ga shi nan a shimfiɗe, ya fi na kowa a ajin kyau. Kuma Hadi bai gama ba, yana ta ja da ɗan tsinke, ba harshe a waje, ba gumi. Tsinken kuwa a hannunsa na hagu yake.

"Innalillahi," ta faɗa ba tare da ta sani ba.

Hadi ya zabura. Ya jefar da tsinken, ya kai hannun bayansa ya ɓoye, ya sa ƙafa yana goge yashin da sauri.

"Tsaya, tsaya, kada ka goge! Hadi, kai ka yi wannan?"

Idanun nan sun cika da hawaye.

"Ba dukanka zan yi ba. Ka taɓa ganin na doke ka?"

"Malama, don Allah kada ki faɗa wa kakana Baba Malam."

"Me ya sa?"

"Ya ce wannan hannun na ƙazanta ne. Ba a cin abinci da shi, ba a karɓar abu da shi, ba a rubutu da shi."

Ta hau babur suka nufi Bagwai. Kunya ce ta kama ta, kunya mai zafi. Ashe kullum safiya ita da bakinta take zaɓa wa yaron nan hannun da ba nasa ba. Hannun cin tuwo! To wane gida ne a ƙasar nan ake barin yaro ya ci tuwo da hagu? Ko bahago ne sai an karya shi ya koma dama kafin ya yi wayo. Da ta taɓa ajiye alli a gabansa ta yi shiru ta ga hannun da zai ɗauka, da tuni an wuce wajen. Amma ina, tana can tana jin daɗin dabararta.

Washegari ba ta ce a ɗaga hannun komai ba. Ta raba alluna, ta zagayo a hankali ta sa wa Hadi alli a tafin hagu ta rufe masa yatsu a kai. Ya dube ta, ya dubi allin, sai ya mayar da shi dama.

"Malama, ai bahago ne!" wata yarinya ta ƙwala daga baya. "Tun yana ƙarami Innarsa take ɗaure masa hannu da tsumma in za a ci tuwo!"

Aji ya ɗauki dariya, "Bahago! Bahago!" Ta daka musu tsawar da ba su taɓa jin irinta a bakinta ba, kowa ya sunkuyar da kai. Da aka fita tara ta zauna kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Nan makarantar boko ce, Hadi. Ni na ba ka izini. Babu wanda zai sani."

"Baba Malam ya ce ko ba ya nan Allah yana gani."

To, me za ka ce da yaron da ya ba ka wannan amsa? Ita kanta sai da ta ji nauyin abin da ta faɗa, malama guda tana koya wa ɗan mutane ɓoye-ɓoye. Ta gane cewa ba ta da wata hanya sai ta bakin tsohon, wato Malam Iliyasu, kakan Hadi.

Da ta faɗa wa hedimasta za ta je wurinsa, bai so ba. "Malama Aina'u, ki yi a hankali," in ji shi. "Malam Iliyasu shi ne limamin garin nan, shi ke da makarantar allo. Lokacin da mutane suka ƙi kawo 'ya'yansu boko, shi ya tashi bayan sallar Juma'a ya ce a kawo su, ya fara da na gidansa. In kika ɓata masa rai, ba Hadi kaɗai za mu rasa ba."

"Ba zan ɓata masa rai ba, Malam. Roƙo zan je."

Ranar Alhamis ta je, ranar da ba a karatun allo. Ta yi sallama a bakin zaure ta durƙusa. Malam Iliyasu yana zaune a kan buzu, tsoho fari tas mai ɗan gemu, yana dama tawada a ƙoƙo, ga ƙaro a gefe, ga alƙaluman gamba da ya fere a jere. Ya amsa mata da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi iyayenta, ya tambayi yara, ya sa aka kawo mata ruwa. Sai da gaisuwa ta ƙare tsaf sannan ta kwashe labari ta faɗa masa, har akuyar da ke kan yashi, ba ta rage komai ba. Ta roƙe shi kada a taɓa yaron a kan wannan.

"Ba za a taɓa shi ba," in ji tsohon. Ya ci gaba da juya tawadarsa. "'Yata, na ji maganarki, kuma na gode da kika tako har nan. Amma bari in tambaye ki. Ke da wane hannu kike miƙa wa mahaifinki ruwa?"

"Da dama, Baba."

"Da wanne kike ɗaukar Alƙur'ani?"

"Da dama."

"To. Duk abin alheri da dama ake fara shi, haka muka taras, haka aka karantar da mu. Yaron nan cikin jikokina kaf babu mai kai irin nasa. Ina sa ran in na kwanta dama shi zai zauna a kan buzun nan. Wata rana zai ɗauki alƙalami ya rubuta sunan Allah a allo, yara suna kallonsa. In kika saba masa da hagu yanzu, da wane hannu zai rubuta? Ke shekara ɗaya za ki yi da shi ya wuce wani aji. Ni abin da nake dubawa ya fi haka nisa."

Maganarsa ba ta wasa ba ce. Sai ta ce, "Baba, ya rubutunsa yake a allo?"

Ya yi 'yar dariya. "Wane rubutu? A wurinmu yaro kamar Hadi ba ya rubutu. Ni nake rubuta masa, ya karanta, ya wanke, in sake rubuta masa. Sai ya yi nisa sannan a ba shi alƙalami. Ku ne dai 'yan boko da gaggawa, yaro bai gama iya ɗaure wando ba kun danƙa masa fensir."

Ita ma ta yi dariya. Ashe tsohon bai taɓa ganin jikansa yana kokawa da rubutu ba.

"Baba, in bai rubuta a jarrabawar nan ba, babansa zai cire shi."

"Na sani. Ban so haka ba. Ki dage masa da daman, hannu yana sabawa."

"Na dage, wallahi na dage. Alfarma ɗaya nake nema. Ka zo makaranta ka gani da idonka. In ka gani ka ce a ci gaba da dama, ba zan ƙara tada maganar ba."

"In Allah ya so," in ji shi.

Kowa ya san irin wannan in Allah ya so. Ta koma tana duban hanya kullum safiya, babu Malam babu dalilinsa. Hadi ya ci gaba da karya alli da hannun dama. Wata rana ta hango Sabo a wajen maƙeri yana gwada wani ɗan ƙaramin lauje, ta kau da kai ta wuce kamar ba ta gan shi ba. Ranar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Ranar jarrabawar rubutu gari ya tashi da hadari a gabas. Ajin yana yoyo, ƙasan duk danshi, don haka aka fito gindin darbejiya, aka kawo wa hedimasta kujera. Shi ke yin jarrabawar da kansa: yara su fito layi-layi, a ba kowa allo da alli, ya rubuta sunansa da na ubansa, ya ɗaga a gani. Wanda ya yi sai ya koma gefen dama yana tsalle. Malama Aina'u tana tsaye tana miƙa alluna, tana kallon layin su Hadi yana matsowa.

Ana cikin haka sai ga sallama. Malam Iliyasu ne da farar babbar riga da sanda. Hedimasta ya miƙe da sauri yana ba shi kujera, tsohon ya ɗaga hannu ya ce a'a, wucewa yake yi, dubiya ya je unguwar gabas. Duk wanda ke wurin ya san hanyar unguwar gabas ba ta bi ta makaranta ba. Ya jingina da jikin bishiya ya ce su ci gaba da aikinsu.

Aka kira layin su Hadi. Yaron ya ɗaga kai ya ga kakansa. Ya zauna, ya ɗora allo a cinya, ya damƙi alli da dama. Hagun kuwa ya cusa shi a ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Ya ja sandar farko, ta karkace. Ya goge da yawu ya sake ja, ta tafi wani wajen. Na kusa da shi suka gama suka ɗaga allunansu suka tashi. Harshe ya fito, gumi ya sauko har haɓa. Sai allin ya ce ƙas, ya karye. Ya ɗauki guntun, hawaye ya ɗiga a kan allon ya jiƙa ɗan abin da ya yi. Bai yi kuka da sauti ba, kuma bai saki allin ba.

Malama Aina'u ta juya baya, don ba za ta iya kallo ba. Hedimasta ya gyara murya zai ce a karɓi allon.

"Dakata, Malam," in ji tsohon.

Ya baro jikin bishiyar yana dogara sandarsa. Mutumin da ya tsufa yana kallon hannuwan yara a kan allo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san hannun malalaci, ya san hannun da bai saba ba, wannan kuwa ba ko ɗaya ba ne. Ya tattare farar rigarsa ya zauna daɓas a kan yashi mai danshi kusa da jikansa, hedimasta yana ta cewa a kawo tabarma, bai ko waiwaya ba.

"Hadi."

"Na'am, Baba Malam."

"Tun yaushe kake shan wannan wahalar?"

Yaron ya yi ajiyar zuciya.

"Ba ni hannunka na dama."

Ya miƙa. Tsohon ya zare guntun allin daga cikin yatsun ya ajiye a kan allo, ya riƙe hannun a cikin tafinsa biyu ya ɗora a gwiwarsa.

"Wannan nawa ne," in ji shi. "Da shi za ka ci abinci, da shi za ka gaisa, da shi za ka rubuta Alƙur'ani in lokaci ya yi. Za ka sha wuya, ni ma zan sha, amma a hankali za mu bi shi, ba za mu yi gaggawa ba. Ka ji?"

"Na ji."

"To na riƙe nawa. Wancan da ka danne, fito da shi ka ba Malama."

Hadi ya dubi fuskar kakansa ya daɗe, yana neman ko gwada shi ake yi. Tsohon ya gyaɗa kai. A hankali hannun hagun ya fito daga ƙarƙashin cinya, duk shatin yashi a jikinsa. Ya ɗauki allin da yatsu uku kamar wanda aka haifa da shi. Yara suka matso, babu mai dariya a cikinsu. Allo yana neman zamewa daga cinyarsa don babu hannun da zai tallafe shi, sai Malama Aina'u ta durƙusa ta riƙe masa gefe. Ga kaka riƙe da hannu ɗaya, ga malama riƙe da allo, yaro yana rubutu a tsakani. Ba ta san tana hawaye ba sai da ta ji gishiri a leɓenta.

Da ya gama, hedimasta ya leƙo ya gyara tabarau. "Kai! Malama, wannan ai ya fi nawa kyau. Aji biyu, babu magana."

Malam Iliyasu ya karkata kai yana kallon fararen baƙaƙen. Bai taɓa koyon boko ba. "'Yata, me ya rubuta?"

"Sunansa, Baba. Ga Hadi, ga Sabo." Ta tsaya, don akwai na uku wanda ba a tambaya ba. "Nan kuma Iliyasu."

"Wanne? Wannan dogon?"

"Shi."

Ya kai yatsa kusa da shi, bai taɓa ba, ya janye. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A faɗa wa Sabo ya nemi mai yi masa ciyawa. Ko ma a bari, ni zan faɗa masa."

Iska ta taso, ganyen darbejiya ya fara zuba. Yarinyar da ke bayan Hadi a layi ta miƙo hannu tana jiran allo, ta riga ta tofa yawu a bakin hijabinta za ta goge.

"A'a, 'yar nan, dakata," in ji tsohon. Ya dubi Malama Aina'u, kuma a karon farko ta ga kunya a fuskarsa. "Na san na makaranta ne. Ko za a ara mini shi zuwa gobe? Kakarsa tana gida, ita ma ba ta gani ba."

"Ɗauki, Baba," in ji ta.

Yayyafi ya fara sauka, yara suka kwasa da gudu suna ihu zuwa baranda. Malam Iliyasu ya miƙe da ƙyar, bayan rigarsa duk yashi. Ya ɗaga babbar rigar ya cusa allon a ciki, ya juya rubutun waje don kada ƙirjinsa ya goge shi, ya tallafe da hannu ɗaya. Sai ya ga ba shi da hannun riƙe sanda, don ɗayan har yanzu yana riƙe da na Hadi. Ya ce yaron ya ɗauko masa ita, suka kama hanyar gida cikin ruwan.